Taguwar Gida Bakwai

Duk wanda ya ci gurasa a ƙauyenmu kafin a raba gandu, to ya ci gumin Toktosun, ya sani ko bai sani ba. Shekara ashirin da shida shi ke tuƙa motar girbin gandun haɗaka, wata ƙatuwar jar mota mai ƙugi da ya laƙaba wa suna Taguwa. Ba shi da tsawo, ba shi da yawan magana, kuma ƙarar inji ta daɗe da cinye masa kunnen hagu, shi ya sa in kana yi masa magana sai ya karkato maka wuya kamar rago mai shirin tunkuyi. Mutum ne da ba ya motsi sai an ce ya motsa. In shugaban gandu ya ce a shiga gona, ya shiga. In ya ce a tsaya, ya kashe inji ya sauko. Matarsa Burul takan ce ko atishawa ce ta zo masa sai ya waiwaya ya ga ko an ba shi izini.

Kada wani ya ruɗe ku cewa zamanin gandu aljanna ne. Akwai shekarar da aka sa Toktosun ya yanke alkama ɗanya shataf, don kawai shugabanmu ya riga na ƙauyen gaba aika labarin an gama girbi. Alkamar ta ruɓe a rumbu, shi kuma aka ba shi takardar yabo mai jan hatimi. Ya ga manyan motoci na tafe suna tsiyayar da hatsi, har kajin bakin hanya suka fi na cikin gida ƙiba. Ya ga kowa na komawa gida da alkama cikin dogon takalmi, shi ma ya sha kai wa Burul a aljihun kwat. Amma kuma man dizal na zuwa ba tare da an roƙa ba, in bel ɗin inji ya tsinke washegari ga sabo daga gari, kuma ranar da Burul ta kusa tafiya wurin haihuwar ɗansu Ermek, jirgi ne ya sauka a bayan makaranta ya ɗauke ta, ba wanda ya tambaye shi ko sisi. Duk wannan yana cikin cikinsa, daɗin da ɗacin a cakuɗe, bai taɓa zama ya tankaɗe su ba.

Sai aka wayi gari aka ce babbar ƙasar da muka sani ta watse. Gandu ya yi 'yan shekaru yana jan ƙafa, albashi ya koma alkawari, daga ƙarshe takarda ta zo daga birni cewa a raba komai, kowa ya zama mai kansa. Aka yanka gona siri-siri bisa yawan kawunan gida. Aka raba tumaki, mafi yawansu ba su ga sanyi biyu ba. Da aka zo kan injuna da gine-gine, waɗanda ba sa yankuwa, sai dattawa suka ce a yi ƙuri'a. Aka rubuta sunayen kaya a 'yan takardu aka zuba cikin farar hular wani tsoho, kowane mai gida ya zura hannu.

Taguwa ta faɗa hannun gida bakwai, kuma a cikin bakwai ɗin ba wanda ya san inda ake zuba mata ruwa. Toktosun ya zura hannu ya zaro rufin rumfar askin tumaki, shi da wasu gidaje huɗu. Da aka lissafa, rabonsa fallen kwano shida. Mutane suka yi dariya, shi ma ya ɗan yi, don ba shi da yadda zai yi. Kafin mako ya zagayo abokan rabonsa sun hau sun ɓalle nasu, rumfa ta koma haƙarƙari. Shi bai ɓalle nasa ba, domin a ƙarƙashin wannan rumfar Taguwa ke kwana. Ya ma hau da kansa ya matso da fallen shidan suka daidaita a kanta.

"Ɗakin girkina na yoyo, kai kana rufa wa motar mutane asiri," in ji Burul.

"Ruwa zai shiga mata inji."

"Ni ba ya shiga mini tukunya?"

Ya karkato mata da kunnen da ba ya ji.

Gonarsu, ita ma ta ƙuri'a, ta faɗo can sama a gindin dutse, inda dusar ƙanƙara ke fara sauka kafin ta tuna da sauran ƙauye. Ermek ya tafi birni tura baro a kasuwa, ya bar musu 'ya'yansa mata biyu. Wannan siririyar gonar ita ce gurasar bakin mutum huɗu na wata bakwai, don in sanyi ya rufe hanya a wajenmu, abin da ke rumbunka shi ne naka. A shekarar alkamar ta yi kyau ƙwarai. Toktosun kan tsaya a bakinta da hantsi, ya murje zangarniya ɗaya a tafin hannu, ya hure, ya ciza, ya ce saura kaɗan.

Cikin masu Taguwa akwai mutum biyu da ba sa ga-maciji a baki, amma kullum suna benci ɗaya. Ɗaya Malam Orozbek, ƙanen Burul, wanda ya shekara talatin yana koya wa 'ya'yanmu cewa gurguzu ne makomar ɗan Adam. Ɗayan Satkin, sa'an Toktosun, a da ma'ajin rumbun gandu ne, yanzu kuwa shi ke da kanti ɗaya tilo a ƙauye, yana sarin kaya daga kan iyaka. Daga hantsi zuwa la'asar suna ƙofar kantin da butar shayi, suna raba duniya biyu.

"Malam, shekara saba'in kuna gina aljanna, ko ƙusa ba a samu a kanti," Satkin zai ce. "Yanzu waiwaya bayanka. Sabulu kala huɗu."

"Kala huɗu, wa ke saye? Ƙuda? Da kuɗi na aljihu babu kaya, yanzu ga kaya babu kuɗi. Wannan shi ne ci gaban?"

"Ai sai mutum ya motsa. Abin da aka ce na kowa ne, ba na kowa ba ne. Ba ka lura ba, zamanin gandu kerkeci tunkiyar gwamnati kaɗai yake ci? Ta makiyayi ko kallonta ba ya yi."

"Na lura mana. Ga shi yanzu kerkecin ya buɗe kanti."

"Ka ji ɗan gurguzu! Wa ya kwashe gawayin makaranta shekarar da aka yi sanyin nan?"

"Aro na yi. Kuma tsarin ba shi da laifi, Satkin. A littafi ba shi da tabo ko ɗaya. Irinku ne kuka cinye shi daga ciki."

"To nawa tsarin ma a littafi ba shi da tabo. A bar kowa da dukiyarsa ka ga ikon Allah."

Haka suke yi, ba mai kayar da wani, shayi na hucewa ana sake ɗora wani. Da abin ya tsaya a benci da ba mu damu ba.

Ana saura kwanaki a fara girbi, Toktosun ya ɗauki sifanunsa da gwangwanin giris ya nufi rumfa, don ba wanda zai tuƙa Taguwa in ba shi ba, kowa ya san haka ba sai an faɗa ba. Yana zuwa ya tsaya cik. Babu batir. Babu babban bel. Babu sitiyari, sai sandar ƙarfe tsirara. Har wuƙaƙen yanka an kwance. Ashe raɗe-raɗi ne ya zaga cewa ɗaya daga cikin bakwai ɗin zai sulale da ita kwarin gaba ya sayar, sai kowa ya je a ɓoye ya cire abin da hannunsa ya kai, don kada motar ta motsa ba da saninsa ba. Toktosun ya dafa ƙarfenta ya daɗe a tsaye. Ya ji kamar an yi wa wani nasa tsirara a kasuwa.

Daga ranar ya shiga bin gidaje, yana roƙon mutane kayansu domin a yi musu aikinsu. Satkin ya ce batir ɗin ya adana ne kada sanyi ya kashe shi, kuma zai bayar da zarar Malam ya fito da bel. Malam ya ce bel na cikin akwati saboda ɓera, kuma shi ba ya sakin dukiyar jama'a sai ya ga batir ya koma mazauninsa.

"Mijin Yaya, kai ka raba mu," in ji Malam, yana ɗaga murya saitin kunnen dama. "Kai ka ga jiya ka ga yau. Wanne ya fi?"

"Ni dai na san alkama ta nuna."

"Ba wannan na tambaye ka ba, kurman Yaya."

"Dawakai sun fara saukowa daga tudu da kansu, Malam. Dabba ba ta ƙarya. A ba ni bel."

Sitiyari yana wurin Kalica, wadda mijinta ya rasu shekarar rabo. Ta rataye shi a bango kusa da hoton marigayin. Ita kaɗai ce ba ta ja masa rai ba. Ta sauko da shi ta goge da bakin ɗankwali, ta ce, "Baban Ermek, wallahi ni ban san amfaninsa a ɗaki ba. Na ga kowa na ɗauka ne, na ce in ban ɗauka ba za a ce marayuna ba su da rabo."

Kwana tara ya yi yana wannan zirga-zirga. Tun a kwana na uku Burul ta ɗauko lauje daga bayan rumbu ta ajiye masa a gaban shayi.

"Mu fara da hannu. Ni da kai, kwana goma mun ci rabinta."

"Da lauje? Ni?"

"Laujen zai cije ka ne?"

"Taguwa za ta lashe gonar nan kafin shayinki ya huce. Sun ce in na gama musu ni ne na takwas."

"Wa ya ce?"

"Sun ce."

"Sun ce ba sunan mutum ba ne, Baban Ermek."

Gaskiyar magana girman kai ne, kuma ni ban ga laifinsa sosai ba. Mutumin da ya shekara ashirin da shida yana kallon gona daga sama, da wuya ya duƙa mata a gaban mutanen da suka san shi. Ya ba da ragonsa ɗaya ya karɓi jarka biyu ta man dizal, ya kai su bakin gonarsa ya rufe da tsohon buhu, suna jiran ranarsu. Burul ba ta sake tayar masa da maganar ba. Kullum da safe in ya nufi rumfa, sai ta ɗaure gwiwoyinta da tsumma ta ɗauki laujen ta hau tudu ita kaɗai.

Daga ƙarshe dai kowa ya saki abin da ya riƙe. Ranar da Taguwa ta tashi, rabin ƙauye ya fito. Ta yi tari, ta fesa baƙin hayaƙi, ta ɗauki ƙugi. Toktosun na sama a kujerarsa, kuma wanda ya san shi ya san yana cikin farin cikin da bai yi ba tun ranar rabo. Gonakin gida bakwai ɗin suna jere da juna, ba abin da ya raba su sai 'yan turaku. Ya ce a bar shi ya yanke su a haɗe yadda aka saba, kwana uku ya gama, sai a raba hatsin bisa faɗin gonar kowa.

Abin mamaki, Satkin ne ya fara cewa ya yarda. Ya ce haka ya fi sauƙin mai, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowa ya san dalili: yana can yawon sari ciyawa ta cinye tasa gonar. Malam Orozbek kuwa, wanda ya kai taki da baro tun bazara har alkamarsa ta kai ƙugu, sai ya yi tsalle ya dire.

"A haɗa tawa da ta wa? Gumina ne! Ni na tashi da asuba ina kai kashin tumaki, wani yana kirga sabulu, sannan a zuba mana a ƙwarya ɗaya?"

"Kai, Malam!" in ji Satkin. "Ina makomar ɗan Adam?"

"Wannan daban. Haɗaka sai da tarbiyya. Ba a haɗaka da malalaci."

"Yau kuma? To ni ma na tuba, na shiga gurguzu."

Aka yi dariya, amma ba a haɗa ba. Aka sake zuba takardu a hula don a san wanda za a fara yi wa. Ita kuwa Taguwa an ƙera ta ne don gonar da ido ba ya ganin ƙarshenta. A waɗannan siraran gonaki ko juyawa ba ta iya yi sai ta taka ta maƙwabci, a tsaya a yi cacar baki. In an gama gonar mutum sai an juye hatsin, an shiga da tsintsiya an share cikin motar ƙal, kada ƙwayar wani ta bi ta wani. Kowa da jarkar mansa, in an gama masa sai a zuƙe ragowar da tiyo ya koma da abinsa gida. Toktosun na zuƙa yana tofarwa, yana ɗaga kai yana duban dutse. Aikin kwana uku ya ci kwana goma sha ɗaya.

Ran kwana na goma sha ɗayan, da la'asar sakaliya, ya juye buhun ƙarshe na gida na bakwai. Kan dutse ya riga ya ɓace cikin wani farin gajimare mai nauyi, iska ta ɗauke ɗif, ko tsuntsu ba ka ji. Duk ɗan ƙauyenmu ya san wannan shirun. Toktosun bai ko kashe inji ba, ya juya hancin Taguwa ya nufi tudu. Kafin magariba zai gama, ya riga ya auna da ido.

Sai ga Satkin a tsakiyar hanya yana ɗaga hannu, Malam na biye da shi.

"Sa'ana, ina zuwa?"

"Gonata."

"To ai ba a zauna ba."

"A zauna a yi me? Kun ce ni ne na takwas."

"An ce, ba a musa ba. Amma mota ta shiga gonar wanda ba shi da rabo a cikinta, ai haya ke nan, dole a yanka mata farashi. Ba don kuɗin ba wallahi, don ƙa'ida. In aka fara kyauta, gobe duk ƙauye zai zo."

Toktosun ya dubi surukinsa. Malam ya gyara tabarau, bai yarda sun haɗa ido ba.

"A nan kam yana da gaskiya, Mijin Yaya. Dukiyar haɗaka ce. Ba ni da ikon bayarwa, shi ma ba shi da shi, sai masu ita bakwai sun hallara an ɗaga hannu. In na ce ka wuce, za a ce don kana auren yayata ne. Ɗayanmu ya tafi ta'aziyya ƙetaren kogi, gobe da safe yana nan. Da hantsi an gama magana."

Shekara nawa mutanen nan suna gardama ba su taɓa haɗuwa a kan magana ɗaya ba, sai ranar. Kalica ce kaɗai ta ɗaga murya daga bakin gona, buhu a kafaɗa: "Ku ji tsoron Allah ku dubi sama! Mutumin nan ya bar tasa ya yi muku taku. In rabona ne sitiyari, na ba shi, ya tafi!"

Ga abin da har yau yake ci mini rai. Inji na kunne. Toktosun na sama, su suna ƙasa. Da ya taka, da sun kauce, kuma na rantse da washegari ba wanda zai iya buɗe baki ya ce don me. Amma shekara ashirin da shida bai taɓa shiga gona ba sai an ce ya shiga. Hannunsa da kansa ya tafi ya kashe inji. Ya mayar da ita rumfa ƙarƙashin kwanonsa, Malam ya kwance bel ya naɗe a kafaɗa, ya ce zuwa safiya ne kawai.

Da gari ya waye ba a ganin turakun gonaki. Dusar ƙanƙara ta sauka jiƙaƙƙiya mai nauyi har ƙauri, ta kwantar da alkamar Toktosun ta danne ta da ƙasa. Ya hau tudun yana nutsewa, ya tona da hannu, ya ɗago zangarniya ta jiƙe sharkaf. Jarkokinsa biyu na nan a bakin gona an yi musu farar hula. A gefe ɗaya kuwa ga wani ɗan fili da bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ba, an yanke shi tas. Aikin Burul ne da gwiwoyinta, dammunan suna jingine a bayan ɗaki tun shekaranjiya.

Yana saukowa ya tarar da Malam a ƙofar gida, bel a kafaɗa, hula a hannu. Burul na tsaye a bakin ƙofa ba ta ce ya shigo ba.

"Yaya, wallahi ban zaci za ta sauko jiya ba."

"Ni na goya ka, Orozbek," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Da na ɗauke ka daga cikin toka kana kuka, ban jira an ɗaga hannu ba. Tafi da igiyarka."

Toktosun ya raɓa ta gefensa. Ya shiga ya ɗauki sifanu ya wuce rumfa. Ya daɗe yana kallon Taguwa, sannan ya buɗe cikinta ya kwance famfon mai, wanda in babu shi inji ba ya ko tari, kuma ba a samun irinsa ko a gari. A hankali ya kwance shi, noti bayan noti, yadda ya saba. Ya naɗe shi a kwat ɗinsa ya kawo gida ya sa a akwatin Burul. Mutumin da ya kwana tara yana roƙo a haɗa ta, yau ga shi ya zama na takwas ɗin da gaske.

Sanyin shekarar ya yi musu tsawo. Abin da Burul ta yanka suka sussuka da sanda a tsakar ɗaki, ya kai su tsakiyar sanyi ya ƙare. Suka ba da saniyarsu aka ba su gari, yaran suka daina shan madara. Malam ya ɗauko buhun alkama a bayansa ya ajiye a ƙofa ya juya ba sallama. Toktosun ya ce a mayar, Burul ta ce jikokinta ba su yi faɗa da kowa ba, ta ja buhun ciki. Satkin ya aiko da ganyen shayi da sukari, da sabulu ɗaya.

Shi kuwa Toktosun jira yake. Ba sayar da famfon zai yi ba, ba kuma rabo yake nema ba. Ya riga ya tsara yadda abin zai kasance: kaka za ta zo, alkama za ta nuna, su bakwai ɗin za su zo ƙofarsa yadda ya je tasu. Zai bar su su ɗan tsaya. In ɗayansu ya ce, "Toktosun, mun yi maka ba daidai ba," shi ke nan, zai shiga ya ɗauko, ya ɗaura da hannunsa, a fara da gonar tudu. Kowane mako yakan fito da famfon ya goge ya shafa masa mai, don kada ranar ta zo a same shi da tsatsa.

Da bazara ya hau makiyayar tudu da 'yan tumakin da suka rage, yadda ake yi, ya yi wata biyu. A lokacin ne masu sayen tsohon ƙarfe suka fara shigowa ƙauyuka da manyan motoci. Ranar da ya sauko, kafin ya isa gida ya bi ta rumfa don ya ga ko kwano ya yi yoyo. Ya tarar da fallensa shida suna nan daram. A ƙarƙashinsu ba komai sai sawun tayoyi da baƙin tabon mai a ƙasa.

Kalica ce ta ba shi labari, tana kuka. An zauna, su bakwai cif, an ɗaga hannu. Satkin ya ce mota ba famfo gawa ce, gara a sayar tun ƙarfe na da daraja. Wani ya ce ai famfon na wurin Toktosun, a je a roƙe shi mana. Kalica ta share hawaye ta ci gaba.

"Aka ce wa zai je? Satkin ya ce shi ba shi da idon da zai kalle ka. Malam ya ce shi ko hanyar gidanku ba ya iya bi. Na ce ni zan je, aka ce kana tudu, masu sayen ƙarfen kuma gobe za su wuce. Baban Ermek, kunyarka ce ta sa suka yanka ta. Da ba ka cire ba, da ba su da hujja."

Ya karkato mata da kunnen dama, ya sa ta maimaita maganar ƙarshe. Ta maimaita. Ya gyaɗa kai ya tafi gida.

Ya rayu shekara goma sha huɗu bayan wannan, kuma da lauje ya yi su, shi da Burul, a duƙe. Daga baya wani mai hali daga kwarin gaba ya riƙa kawo motar girbi haya, mai iko ya biya a yi masa, marar iko ya duƙa. Malam da Satkin suka koma bencinsu, don gardama ba ta jin kunya. Ɗaya na cewa da gandu na nan da Taguwa na nan, ɗayan na cewa da tun farko mutum ɗaya aka ba wa da har yau tana aiki. Kowannensu yana da gaskiya, sai dai in Toktosun ya zo wucewa dukansu sukan sa ido cikin kofin shayi har ya yi nisa.

Ɗakin girkin Burul bai daina yoyo ba. Sau ɗaya ta ce masa tunda ba abin da kwanon ke rufewa, a ɓallo shi. Ya ce to, gobe. Ba ta sake tambaya ba.

Bayan rasuwarsa Ermek ya zo daga birni aka buɗe akwati don rabon 'yan kayansa. Aka sami takardar yabon nan mai jan hatimi, da wani abu mai nauyi naɗe cikin tsohon kwat. Ermek ya warware, ya juya shi, mai ya shafe masa hannu.

"Inna, wannan na mene ne? Kamar sabo."

"Na mutane ne," in ji Burul. "Mayar. Ya ce za su zo karɓa."